Faɗuwar Gaban 'Ya'yanmu da Hayaƙin da Suke Zuƙa

A wannan watan na ajiye darasin da na yi niyyar kawowa, saboda wani abu da ya faru da wata ɗalibata wanda na ga bai kamata in bar shi a cikina ba. Na nemi izininta kafin in rubuta, ta amince, bisa sharaɗin ba zan faɗi sunanta ko unguwarsu ba.

Wannan baiwar Allah tana ajinmu na matan aure, kuma ba ta fashi. Da na ga sati biyu ba ta zo ba, sai na bi ta gida, can cikin wani lungu a nan cikin birni. Na tarar da ita ta rame, ido ya faɗa. Ashe ɗanta na fari ne ba lafiya, saurayi ɗan shekara 19 da yake taya kawunsa tsaron shago a Kantin Kwari. Wata uku ke nan yana farkawa cikin dare riƙe da ƙirji, yana cewa, “Umma, ƙirjina kamar ana daka a ciki.” Wani lokaci ya ce zuciyar ta tsaya cak sannan ta buga da ƙarfi. Kowa ya kawo tasa. Kakarsa ta ce mayu ne, maƙwabciya ta ce shafar aljanu ce, aka yi rubutu, aka yi ta turara masa hayaƙi a ɗaki. Wani mai kemis ya ce olsa ce, ya haɗa masa magani. Ranar da abin ya ƙure, yana alwalar Asuba ya yanke jiki ya faɗi.

A asibiti likita ya kama hannunsa ya ƙirga, ya tarar bugun ya haura 150 a minti ɗaya, kuma ba a jere yake tafiya ba. Ya tambaye shi ko yana shan wani abu. Kafin yaro ya buɗe baki uwar ta riga shi: “Allah Ya kiyaye, likita, ai ɗan gidan malamai ne.” Likitan ya roƙe ta ta ɗan ba su wuri. Tana fita yaro ya faɗi gaskiya. Shekara biyu yana shan shisha da abokai, yana da wani abu mai kama da biro da yake zuƙa a shago, kuma a 'yan watannin nan an koya masa wiwi. Ta ce da ni, “Malama, wallahi na sha ganin abin nan a aljihunsa in zan yi wanki, ƙamshin lemo yake yi, na ɗauka turare ne.”

'Yar uwa, ni ba likita ba ce, malamar Islamiyya ce. Amma tun daga ranar na koma kan ɗan abin da muka karanta na kiwon lafiya a kwaleji, na ƙara bincike, na yi tambaya wurin masu sani. Abin da na fahimta shi ne, mu Hausawa mun haɗa abubuwa da yawa mun sa musu suna ɗaya, wato faɗuwar gaba. Akwai ta tsoro, akwai ta damuwa, akwai kuma wadda zuciyar ce da kanta ta rikice, kuma hayaƙin da ake zuƙa yana cikin abubuwan da suke rikita ta.

Luguden da zuciya take yi

Zuciya tsoka ce da ba ta wuce dunƙulen hannunki ba sosai, tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Babban mutum mai lafiya idan yana zaune a natse, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato kusan sau 100,000 a kwana guda, tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da Allah Ya halitta wanda yake fitar da ƙyastun lantarki, shi ne yake ba da umarnin kowane bugu.

Ki tuna mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Wannan ta saki taɓarya, waccan ta ɗaga, ba mai karo da 'yar uwarta. Haka ɗakunan sama da na ƙasa suke yi: na sama su matse su zuba jini ƙasa, na ƙasa su matse su watsa shi cikin jiki. To idan ɗaya ta fara gaggawa, ko wata ta uku ta cusa taɓaryarta ba a lokacinta ba, kin san abin da zai biyo baya, taɓare su yi karo, hatsi ya zube. Wannan shi ne rikicewar bugun zuciya. Wani bugun yakan yi sauri fiye da kima, wani ya yi tsallake, wani kuma ɗakunan sama su daina matsewa sosai su koma karkarwa kawai. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi yawa a cikin masu daɗewa, kuma haɗarinsa shi ne jinin da ya kwanta a ɗakin yana iya yin gudaji, kamar kunun da aka bari ba a dama ba. Gudajin nan idan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Likitoci sun ƙiyasta mai wannan larura ya fi wanda ba shi da ita haɗarin shanyewar jiki kusan ninki biyar.

Sigari

A cikin taba akwai sinadarin da ake kira nikotin, shi ne yake kama mutum ya kasa dainawa. Da an zuƙa, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya kai ƙwaƙwalwa, sai ya sa jiki ya saki sinadarin firgita. Kin san yadda gabanki yake yi idan kika ji 'yan daba sun shigo lungu alhali yaranki suna waje? Wannan sinadarin ne ya zubo cikin jininki, zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau. Ke da ƙura ta lafa kin koma daidai. Mai shan kara goma a rana kuwa sau goma yake jefa zuciyarsa cikin wannan hali, yau da gobe, shekara da shekaru.

Abu na biyu shi ne gubar da take cikin hayaƙin duk abin da aka ƙona, wadda ake kira kabon monoksaid. Ita ce take kashe mutanen da suka kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Tana manne wa jini fiye da iskar oksijin da muke rayuwa da ita sau 200 ko fiye. Ki duba wannan haɗi: nikotin yana korar zuciya ta yi gudu, gubar hayaƙi tana rage mata iskar da za ta yi gudun da ita. Kamar a ɗora wa jaki kaya a hana shi ruwa, a kuma bi shi da bulala. Wani nazari da aka wallafa a shekarar 2018, wanda ya tattara bincike 29, ya nuna masu shan sigari sun fi marasa sha haɗarin kamuwa da karkarwar ɗakunan saman zuciya da kashi 32 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma sama da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wasu suka shaƙa.

Shisha

A da mun san mashayin sigari da baƙin leɓe da wari, kuma abin kunya ne. Shisha ta zo ta kawar da kunyar, domin ƙamshin tuffa da na'ana'a take yi, tukunyarta kuma abar ado ce. Har a wasu gidajen biki, idan manya sun watse, 'yan mata ƙawayen amarya sukan kulle ɗaki su kunna ta. Hujjar da suke kafawa ita ce wai ruwan da yake cikin tukunyar yana wanke hayaƙin. Wannan ba gaskiya ba ne. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, shi ya sa ake iya zuƙarsa da yawa ba tare da tari ba. Taba ce a ciki da nikotin ɗinta, ga kuma gawayi yana ci a kai, yana ƙara waccan gubar da muka ambata. Tun a shekarar 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa mai zaman shisha na awa ɗaya yana iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Jiri da ciwon kai da bugun ƙirji da masu sha suke ji bayan sun tashi, har suna cewa ta yi caji, alamar jini ne ya rasa isasshiyar iska.

A shekarar 2021 gwamnatin Kano ta sanar da hana shan shisha a wuraren shaƙatawa da na taruka. Sai dai hukuma ba ta shiga ɗakin soro, ba ta shiga ɗakin amarya. Nan wurin mu ne masu gadi.

Biron da ba ya rubutu

Wannan shi ne wanda ya yaudari ɗalibata, kuma na tabbata da yawanku ba ku taɓa lura da shi ba. Sigarin lantarki ne, yara suna ce masa shisha fen. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya ƙera irin na zamani a shekarar 2003. Wani yana kama da biro, wani kamar jan-baki, wani kamar ƙaramar kwalbar turare mai launi. Batir ne a ciki yake dafa wani ruwa ya zama tururi mai ƙamshin alawa, mangwaro ko kankana. Ba toka, ba ashana, ba wari a riga.

Gaskiya ne tunda ba a ƙona taba a cikinsa, wasu gubobin sigari sun ragu. Amma nikotin yana nan, kuma a wasu ɗan ƙaramin biro ɗaya yana ɗauke da abin da ya kai na kwalin sigari ko ya fi. Ga shi karan sigari yana ƙarewa mutum ya jefar, shi kuwa wannan yana aljihu, ana zuƙa a shago, a banɗaki, a kan gado kafin barci, zuciya ba ta samun hutu. A shekarar 2022 masu bincike a Jami'ar Louisville ta Amurka sun gwada tururin a kan ɓeraye, suka ga yana rikita musu bugun zuciya. Kafin nan, daga 2019 zuwa farkon 2020, mutum fiye da 2,800 aka kwantar a asibitocin Amurka da ciwon huhu, 68 suka rasu, kuma an gano yawancinsu sun zuƙi ruwan da aka haɗa da sinadarin wiwi ne aka gauraya shi da wani mai. Birtaniya ta hana sayar da irin wanda ake zuƙa a jefar tun 1 ga Yuni, 2025. Abin da masu shi suke kora daga kasuwarsu, bai kamata ya samu masauki a aljihun 'ya'yanmu ba.

Wiwi

Mun fi sanin wiwi da taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa idan yaro bai fara surutai ba sai a ɗauka ba ta yi masa komai ba. Alhali cikin 'yan mintuna da zuƙarta, sinadarin da yake bugarwa a cikinta, wanda ake kira THC, yana iya ƙara bugun zuciya da 20 zuwa 50 a minti, kuma ya ɗauki har awa uku bai sauka ba. Tana kuma iya sa jini ya faɗi idan mutum ya miƙe tsaye da sauri, sai jiri, sai faɗuwa. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2001, ya bi mutum kusan 3,900 da suka samu toshewar jijiyar zuciya, ya gano haɗarin yana ƙaruwa kusan ninki biyar a awa ta farko bayan shan wiwi. A shekarar 2020 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da sanarwa tana jan kunne kan alaƙar wiwi da rikicewar bugun zuciya. Akwai kuma wadda ake fesa wa sinadarai na haɗi, irin wadda matasa suke kira Kolorado, ita ta fi ta ganye zalla haɗari, domin mai sayarwa da kansa bai san ƙarfin abin da yake ciki ba.

Kada ki ce wannan matsalar 'ya'yan wasu ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da aka duba, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ce, kuma cikin kowane mashaya huɗu akwai mace ɗaya. A Jihar Kano an ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, wato sama da mutum miliyan 1. Waɗannan ba daga sama suka faɗo ba, kowannensu yana da uwa, kuma da yawa daga iyayen suna zaune a aji irin nawa.

Idan maigida ne yake sha

Na san akwai 'yan uwa da suke karanta wannan suna cewa a ransu, “Malama, ni ba ɗa ba ne matsalata.” Gidajenmu na cikin birni kin san su, ɗaki ciki da falo, taga ƙarama, katanga jikin katanga. Hayaƙin da aka busa a irin wannan ɗaki kowa ya sha. Mai juna biyu ta fi kowa shiga haɗari, domin zuciyarta tana aikin mutum biyu, kuma nikotin yana ratsa mahaifa ya kai ga jariri, yana iya sa a haife shi ba nauyi. Ban ce ki ɗaga murya ba, ban ce ki tona masa asiri a dangi ba. Ki nemi lokacin da ransa yake a sake, ki nuna masa tsoron rasa shi ne ya sa kika yi magana. Ko bai iya dainawa yau ba, ki roƙe shi kada ya sha a ɗaki ko kusa da yara. Ki kuma ba shi wannan albishir na Hukumar Lafiya ta Duniya: minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya da hawan jini suna fara sauka, bayan awa 12 gubar hayaƙin da take jini ta koma daidai, bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu da rabi.

Abin da yake hannunki

Na farko, ki koyi ƙirga bugun zuciya, ba ya buƙatar ko sisi. Ki sa mutum ya zauna ya huta minti biyar. Ki ɗora yatsunki biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ki danna kaɗan har ki ji motsi. Kada ki yi da babban yatsanki, domin shi ma yana da nasa bugun. Ki duba agogon waya ki ƙirga na minti ɗaya cur. Ki lura da abu biyu: yawansa, da kuma ko a jere yake tafiya ko yana tsallake. Idan babba ne yana zaune lafiya lau ba zazzaɓi amma kullum ya haura 100, ko kika ji yana harhaɗewa, a je a ga likita. Ƙananan yara nasu ya fi na manya sauri, wannan halittarsu ce.

Na biyu, ki san alamomin da ba a jiran wayewar gari: suma, ciwon ƙirji mai danna mutum ko mai tafiya hannu da muƙamuƙi, numfashi sama-sama, gumi mai sanyi, karkacewar baki, harɗewar harshe, ko mutuwar hannu da ƙafa. A nan ba kemis, ba jiƙe-jiƙe. Asibitin Murtala yana nan kusa da mu ta Ƙofar Mata, ga Asibitin Nassarawa, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da yake da likitocin zuciya. Akwai gwajin da ake kira ECG, ana manna wasu wayoyi a ƙirji su zana bugun a takarda, ba allura, ba zafi, 'yan mintuna ne. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Amma turara hayaƙi ga wanda ƙirjinsa yake ciwo, ƙara masa wahala ne.

Na uku, kada ki yanke hukunci da kanki. Ba duk mai faɗuwar gaba ne mashayi ba. Ƙarancin jini yana kawo ta, haka ciwon maƙoƙo, zazzaɓi, juna biyu, damuwa, yawan goro, kofi, shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari. Kada ki ɗora wa ɗanki ko 'yarki zargin da ba ki tabbatar ba. Gwaji ne zai bambance.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi mana wuya, a faɗa wa likita gaskiya. Idan ya tambayi yaro, ki yi shiru, in ta kama ki fita ki ba su wuri. Maganin da za a ba wanda wiwi ta rikita wa zuciya ba lallai ya zama irin na wanda ƙarancin jini ya dama ba, ɓoyewa tana iya sa a yi ta magani a inda ba nan ciwon yake ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda kuma abin ya kama shi har ya kasa dainawa, ba zagi ko duka ne maganinsa ba. Akwai likitocin da wannan ne aikinsu, a asibitin Dawanau da sashen kula da ƙwaƙwalwa na asibitin Malam, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya haukace.

Na biyar, ki san haƙƙinki. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa ta shekarar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara ɗai-ɗai. Saboda haka kada a aiki yaro sayen taba, ko wane ne mai aiken. Idan akwai mai tebur a lungunku da yake sayar wa yara, ku haɗa kai ku sa mazajenku su kai maganar ga mai unguwa.

Akwai wani abu da ɗalibar nan tawa ta faɗa mini wanda ya tsaya mini a rai. Ta ce saboda alkunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, rabon da ta zauna ta yi hira da shi tun yana firamare. Alkunya al'adarmu ce mai kyau, amma idan ba za ki iya tambayarsa da bakinki ba, ki sa ƙanwarki ko kawunsa ko wani da yake sakin jiki da shi ya riƙa jin cikinsa. Yaron yanzu yana gida, yana shan magani yana komawa asibiti, ya bar wiwi da shisha, biron ne har yanzu yake kokawa da shi, yau ya ajiye gobe ya nema. Ta ce kullum bayan sallar Isha takan kira shi, ta kama hannunsa ta ƙirga, shi kuma yana sunkuyar da kai yana murmushi. Ta dawo aji makon jiya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu son dainawa ikon dainawa. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko ta adireshin mujalla kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.